Yadda Zaki Rubuta Labarin Soyayyar Matasa Mai Rashi Da Wasan Ƙanƙara A Ciki

Cikin hunturun nan kaɗai labarai uku aka turo min na duba kafin a fara sakinsu a guruf, kuma duka ukun hanya ɗaya suka bi: yarinya ta rasa mahaifiya ko yaya, an kaita ƙasar waje karatu, dusar ƙanƙara na zuba, sai ga wani kyakkyawan saurayi ya koya mata wasan zamiya, kafin a kai feji na goma ta manta da wanda ya rasu kamar ba a taɓa yinsa ba. Wlh abin na min ciwo, don ni wannan hanyar na bita da ƙafata. Ina shekara ta biyu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya yayana ya rasu nan Tudun Wada, da asuba aka kira ni, kafin azahar an kaishi makwancinsa, ni ina ɗakin hostel da waya a hannu ina jin hayaniyar tsakar gidanmu ta cikin sifika. To shi yasa nace bari na zauna na rubuta yadda ake haɗa irin wannan labarin ya zauna daram, musamman ga ƙannena masu taipin a waya da basu taɓa taka ƙanƙara ba.

Ki fara da mamacin, kar ki fara da saurayin. Mai karatu bazata yi kukan wanda bata sani ba, in kika ce "yayanta ya rasu" a layin farko kika wuce, babu abinda ya taɓa ta. Ki bamu shi da ransa ko da feji biyu ne, yana kaita tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a kan mashin ɗinsa akwati a gaba, yana mata faɗan ta cika kaya, ko ranar da ya zaga da ita Kasuwar Barci suna ɗaga jaket ɗin gwanjo ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan bazai tare sanyin Turai ba. Wannan jaket ɗin ki riƙe shi da kyau don zai miki aiki har ƙarshen littafi. Sannan ki rubuta zaman makoki yadda muke yinsa, tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki, "ya haƙuri", "haƙuri sai ma'aiki", kulolin abinci daga maƙwabta, sadakar uku, wasu gidajen har bakwai da arba'in. Amma inda labarinki yake shine bayan an naɗe tabarmi kowa ya watse, ranar da Umma ta zuba abinci kwano biyar a gida mai mutum huɗu, ta tsaya tana kallon kwanon.

Akwai wani abu da marubutanmu ke tsoro, wai in tauraruwa ta cika kuka za a ce bata da tawakkali. Ki cire wannan tsoron. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu, abinda aka hana shine kururuwa da yaga tufafi da faɗin abinda Allah bai yarda da shi ba. Yarinyarki zata iya yin sallar dare tana masa addu'a kuma ta kasa goge lambarsa daga waya, duka biyun a zuciya ɗaya suke zama.

Wasu kuma sun ji labarin matakai biyar na jimami, musu, fushi, ciniki, baƙin ciki, sallamawa, sai su raba littafi kashi biyar kamar darasin makaranta. Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiya masu jiran ajali ta samo su, ba a kan waɗanda aka mutu aka bari ta fara maganar ba. Abinda yafi kama da yadda na ji a jikina shine bayanin wasu masana biyu a Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, a 1999, suka ce mai rashi kai da komo yake yi, yanzu yana cikin kewar, anjima ya juya ga harkar rayuwa, gobe ya sake komawa. Haka zaki tsara fejikanki. Yau tayi dariya a kan dutse har cikinta ya ƙulle, da dare ta kasa cin abinci saboda tana jin kamar ta ci amanarsa da tayi dariyar. Wannan jin laifin kar ki tsallake shi, a nan labarin yafi ƙarfi.

Yanzu batun inda zaki kaita. Nan Kaduna ko hunturu ya kai maƙura, hazo ya rufe gadar Kawo, leɓe ya tsage ana ta shafa man kaɗanya, dusar ƙanƙara bata sauka, ko Jos da ta fimu sanyi sai dai ƙanƙarar ruwan sama. Don haka dole ta fita, kuma ki bamu dalilin da hankali zai ɗauka, ba kowace yarinya bace babanta ke da jirgi. Sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya hanya ce mai kyau don 'ya'yan talakawa na samu, kuma shekarar farko koyon yaren Turkanci ake yi, wanda ke nufin tana cikin mutane amma bata iya faɗin abinda ke ranta, kinga kaɗaici ya samu ba tare da kin ƙirƙiro shi ba. Wuraren wasan zamiya kuwa, a Turkiyya akwai dutsen Erciyes kusa da Kayseri, tafiyar kusan kilomita 25 daga gari, akwai Uludağ kusa da Bursa, akwai Palandöken a Erzurum. In Afirka kike so akwai Oukaïmeden a Maroko kusa da Marrakesh, akwai Afriski a Lesotho, amma ki kula Lesotho sanyinsu Yuni zuwa Agusta ne lokacin da muke tsakiyar damina, kar ki sa ta je a Disamba. In kuma 'yar masu hali ce akwai Ski Dubai da aka buɗe a 2005, cikin kanti yake, dusar inji ce a rufaffen gini, babu iska babu dutse babu faɗuwar rana, in kika zaɓe shi to ki rubuta shi a haka. Wuri ɗaya zaki zaɓa ki zauna a kansa, ki ƙona data a YouTube kina kallon bidiyon 'yan koyo a wannan wurin, 'yan koyo fa nace, ƙwararru bazasu nuna miki abinda kike nema ba.

Nan ne nake so na daɗe, don nan ake gane wadda tayi bincike. Sanyin can ba irin namu bane da zaki ce "sanyi ya ratsa ta" ki wuce. Gashin hanci yana daskarewa in kika ja numfashi. Yatsu basa ciwo sosai lokacin da suke sandarewa, sai kin shiga ɗumi jini ya fara dawowa, nan ne zaki ji kamar ana soka miki allurai har hawaye ya zo. Sabuwar dusa tana shanye ƙara, gari yayi tsit wani irin shiru da bamu da shi a nan inda ko tsakar dare akwai janareto ko kukan jirgin ƙasa, kuma in sanyi yayi tsanani dusar na ƙara ƙiiƙ ƙiiƙ ƙarƙashin takalmi. Hasken rana na dawowa daga farin ƙasa ya bugi ido, shi yasa ake sa tabarau na musamman, wanda ya ƙi sawa idonsa na iya yin ciwo kamar an zuba yashi. Kaya kuma hawa uku ake sawa, na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa, kuma ba a son auduga a jikin fata don in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa. Hijabinta ƙarami zata sa ƙarƙashin hular kwano ta cusa bakinsa cikin jaket, mayafi mai reto haɗari ne wajen kujerar lilon da ke hawa da mutane saman dutse. A Kayseri a Disamba rana bata fitowa sai kusan takwas, biyar da 'yan mintoci ta faɗi, azahar da la'asar da magariba kusa da kusa, ki nuna ta tana neman inda zata yi alwala da ruwan da ke yanka hannu. Agogonsu kuma awa biyu yake gaba da namu, in zata kira Umma ki lissafa.

Ga wani ƙaramin abu da ni ya faru da ni, na baki kyauta. Batirin waya baya son sanyi, zaki ga caji 40 sai wayar ta mutu ɗif. Ina da saƙon murya na yayana mai sakan 19, ba wata magana bace, cewa yake na turo masa hoton takardar makaranta, a bayansa ana jin mai ruwa yana buga jarka. Kullum sai na saurara. Ranar da na fara hawa saman dutsen na ciro wayar zan ji muryarsa sai ta mutu a hannuna, na zauna cikin dusa ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar, wata baturkiya da bamu jin yaren juna sosai ta karɓi wayar ta saka min cikin aljihun ciki kusa da ƙirji, ta nuna min da hannu na jira ta ɗumama. Irin wannan zaki nema, ƙaramin abu da hannu ke taɓawa.

Shi kansa wasan, ki zaɓi ɗaya. In zamiyar dusa ce wadda ake cewa siki, takalmin roba ne mai tauri har ƙwauri da ake maƙalawa a kan dogayen alluna biyu, tafiya da shi kamar an ɗaure miki ƙafa da bulo. Darasin farko koyon tsayawa ne, a haɗa kawunan allunan biyu a gaba a buɗe bayansu kamar bakin garma, sai koyon faɗuwa ta gefe da yadda ake tashi. Hanyoyin dutse kala ake musu, a Turai kore da shuɗi na masu koyo, ja na matsakaita, baƙi na ƙwararru, to dan Allah kar ki sa yarinyar da ta fara ranar Asabar ta sauko ta baƙar hanya ranar Lahadi. Babban kuskuren ɗan koyo shine in yaga gangara tsoro ya kama shi sai ya ja jiki baya, da ya ja baya allunan sun kuɓuce masa, sai faɗuwa. Koci zai ta nanata mata ta danna ƙwaurinta a gaban takalmin, ta kai nauyinta wajen gangaren da take tsoro. Kin dai ga abinda wannan ke nufi ga mai gudun tuna mamaci, amma kar ki fassara wa mai karatu, kar ki sa saurayin yace "haka rayuwa take", ki bari ta faɗi sau ashirin, ranar da ta iya sai mu gane da kanmu. In kuma zamiya kan daskararren fili ce da takalmi mai wuƙa a ƙasa, abin farko da ake faɗa wa mutum shine in ya faɗi ya dunƙule yatsunsa kar wani ya bi ta kai. Raunin da aka fi samu a siki gwiwa ce da babban yatsan hannu, masu zamiya da allo ɗaya maimakon biyu kuma wuyan hannu, in zaki ji wa wani ciwo a labarin ki ji masa a inda ya dace.

Wata zata ce ai wannan wasan turawa ne, me ya haɗa shi da mu. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2018 a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, 'yan mata uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun wakilci Najeriya a wasan amalanken ƙanƙara da ake kira bobsled, sune tawagar farko daga Afirka a wannan wasan. Seun 'yar tseren tsallake shinge ce da ta je Olamfik ta Landan a 2012, kuma da amalanken katako da ta haɗa da hannunta a Houston suka fara atisaye, ta sa masa sunan 'yar uwarta da ta rasu. A wannan gasar dai Simidele Adeagbo ta yi wasan da ake kwanciya rub da ciki a kan faifai kai a gaba, gudun da ke wuce kilomita 100 a awa. A 2022 a Beijing Samuel Ikpefan ya ɗaga tutarmu a tseren siki na dogon zango. Yarinyarki zata iya ganin bidiyonsu cikin dare ta ji ashe akwai namu a wurin.

Sai mutum biyu da nake so ki karanta tarihinsu kafin ki rubuta babin gasa, in har zaki sa gasa. Joannie Rochette 'yar Kanada mai wasan zamiya da takalmi mai wuƙa, mahaifiyarta ta rasu da bugun zuciya kwana biyu kafin ta shiga fili a Olamfik ta Vancouver a 2010, ta shiga tayi wasanta ta samu lambar tagulla. Dan Jansen ɗan Amurka mai tsere da takalmi mai wuƙa kuma, a Olamfik ta Calgary a 1988 'yar uwarsa Jane ta rasu da sankarar jini a safiyar ranar tserensa na mita 500, ya shiga ya faɗi, bayan 'yan kwanaki ya sake faɗuwa a na mita 1000, bai samu zinare ba sai 1994 a Lillehammer, shekara shida, ya zaga fili da jaririyar 'yarsa a hannu wadda ya sa wa suna Jane. Marubuta sun fi son irin na farko don yafi saurin kawo tafi, ni kam na biyun nafi yarda da shi a labarin matasa, don mafi yawanmu faɗuwar muke yi. Kuma gaskiya ba dole sai da gasa ba, yarinyar da ta fara koyo bana ta sauko shuɗiyar hanya daga sama har ƙasa bata faɗi ba, wannan ma ya isa kololuwar littafi.

To saurayin fa. Kar ki maida shi magani. In kika sa zuwansa ne ya goge mata ciwon, kin gaya wa duk yarinyar da ke karantawa cikin rashi cewa abinda ta rasa saurayi ne, alhali yayanta ta rasa. Aikinsa ya zauna kusa, ya iya shiru, kuma yayi kuskure kamar kowa. Ki bari wata rana yace mata "ai ya kamata ki haƙura haka, an kusa shekara", ta daina ɗaga wayarsa sati biyu, ya rasa me yayi, sai wata babbar ɗaliba da suke kira Anti ta zaunar da shi. Ranar da ya dawo ba da fulawa zai zo ba, tambaya zai yi wadda babu wanda ya mata tunda ta zo ƙasar:

"Malama, wai ya sunansa ne? Baki taɓa faɗa min ba."

Ta daɗe tana kallon kofin shayin hannunta kafin ta faɗa, kuma shine karon farko da sunan ya fito bakinta tun ranar. Daga nan sai ki bar ta ta bada labarin mashin da Kasuwar Barci, shi kuma ya saurara kawai.

Shekarunsu ki tsayar kan 18 zuwa 21, 'yan jami'a, masu ƙarancin kuɗi, masu haɗa kuɗin motar zuwa dutse da hayar takalma, masu raba burodi ɗaya. Kuma tunda yaranmu ne, kunya na nan ko a saman dutse. In ta faɗi ba sai ya rungumo ta ba, ya miƙa mata ƙarshen sandar siki ta kama ya ja ta ta tashi, wlh wannan sandar in kika iya rubuta ta tafi duk wata runguma sa zuciyar mai karatu bugawa. Su fita cikin ayarin ɗalibai, ya zauna can gefen kujerar lilo ƙawarta a tsakiya, ya lura safar hannunta ta jiƙe ya ajiye mata tashi a kan benci ba tare da yace komai ba. Kalaman soyayya masu zuma ki rage su sosai, mai jimami bata da wurin ajiye su da farko. Kar kuma ki sa shi ma an masa rasuwa iri ɗaya don kawai su dace, in zaki bashi nasa nauyin ki bashi daban, ƙila babansa ya sayar da fili a Rigachikun ya turo shi kuma karatun na neman kayar da shi.

Ki bar wasu mutane su taya shi ɗaukar ta, Umma a waya, ƙawar ɗaki, malamin da take tura wa tambaya, har likita in abin ya kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka doguwar jimami cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, wato kewar da ta zarce aƙalla wata shida da tsananinta har tana hana mutum karatu da aiki da mu'amala. In yarinyarki ta daina cin abinci, ta daina shiga aji, tana fatan ta bi mamacin, soyayya kaɗai bata isa ba, ki kaita wajen masana a cikin labarin, in a gida take ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Barnawa. Akwai mai karanta ki da ke cikin wannan halin kuma bata san ana zuwa asibiti don shi ba.

In kin ji ƙasar waje ta miki nisa, zaki iya barinta nan gida ki bata takalmin taya irin na samarin da muke gani a titi, safiyar hunturu a Murtala Square hazo bai gama tashi ba, faɗuwa dai faɗuwa ce, sai dai kwalta tafi dusa cin gwiwa. Amma kar ki kira shi wasan ƙanƙara.

Babin ƙarshe ki dawo da ita Kaduna hutu. Jirgin ƙasa ya tsaya Rigasa, ta fito da akwati tana duba inda ya saba jingine mashin, ƙaninta ne tsaye a wurin, ya ƙara tsawo har ya kusa kai yayan. Ta shiga ɗakin da aka rufe, Umma ta biyo ta, su zauna bakin katifa, ta ciro jaket ɗin gwanjon nan da gwiwar hannunsa ya goge saboda faɗuwa ta nuna mata, sannan ta kunna mata saƙon muryar su ji tare. Maganar saurayin layi biyu ta ishe ki, Umma ta tambaya waye yake kiranki kullum bayan isha'i, ta sunkuyar da kai tace wani ne ɗan Unguwar Rimi, yace in an bashi izini kawunsa zai zo gaida Baba ranar Juma'a.